Ƙahon Bunsuru a Bindigar Bedi

A baibai na ɗaura ƙahon. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni, don a garinmu ko tuntuɓe ka yi a gona sai labarin ya riga ka isowa gida. Ƙahon bunsuru ne na tsinto a bayan rumfar mahauta, na ɗaure shi a cikin bindigata ta wasa don ya zama gidan harsashi, irin lanƙwasasshen nan da ake gani a jikin ta gaske. Maimakon bakinsa ya kalli gaba, sai na juyo shi yana kallon cibiyata. Na yi yawo da abata ina taƙama, duk garin babu wanda ya lura, har da masu cewa sun yi ido huɗu da ɓarayin daji. Mutum ɗaya ne ya gane, ƙanena, autan ɗakinmu, shi kuwa a lokacin magana ba ta zauna masa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Faskari ya san bindigar bedi. Da ruwa ya sauka bedi, wato dogon yaro, ya yi 'ya'ya, sai mu nemi guntun bututun roba da masu noman rani suka yar, mu feƙe sanda mu naɗa mata tsumma a ka. Ka tura ɗan bedi ɗaya ya toshe bakin bututun, ka sa na biyu a gindi, ka doki sandar da tafin hannu. Fau! Na gaba ya fita kamar an aike shi. Baba ya ce su da gora suka yi tasu, wai har kurciya take kayarwa daga kan kuka. Daga nan na san inda na gado ƙarin gishiri.

Abin da muka ƙara shi ne launi. Da can kowane wasa da dambe yake ƙarewa, wannan ya ce na same ka, wancan ya yi ta rantsuwa iska ce ta taɓa shi. Sai ɗan mai shayi, wanda ke rufe aji daga ƙasa amma kansa cike yake da dabarar ɓarna, ya ce a riƙa tsoma 'ya'yan bedin a rini. Mu yaran cikin gari muka ɗauki shuni, don kowa uwarsa na da shi a bayan randa. Yaran unguwar Maguzawa da ke tsallaken rafi suka ɗauki jar galura, wadda iyayensu mata ke sayowa a kasuwar Ƙanƙara don rinin kaba. Wanda launi ya taɓa ya mutu, sai ya kwanta inda yake har a gama. In an gama kowa ya gangara rafi, matattu da masu rai, a wanke. A duk ƙasarmu, a filin wasanmu ne kaɗai ake harbin mutum da la'asar ya ci tuwo da magariba.

Auta bai fara da mu ba. Da kakar da ta gabaci daminar da nake ba ku labari, Inna ta aike shi ya kai wa masu karyar masara fura a gona, ɓarayin daji suka zo a kan babura suka kwashe duk wanda suka iske. Bai fi shekara goma ba. Sai da Baba ya rabu da shanun huɗarsa da masarar shekarar kafin a sako shi. Ya dawo ƙafafu a farfashe, baki a rufe. Yaron da a da in ya fara zuba, rediyon Baba kan yi shiru ya saurara, ya dawo ko ƙaya ya taka ba ya cewa wash.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti, likita ya leƙa bakinsa da fitila ya ce harshe lafiya lau, a ba shi lokaci. Inna takan zauna kusa da shi ta yi ta jan shi da hira, ita ce mai tambaya ita ce mai amsa. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga, “Ni ba labarin daji nike so ba, ya riƙe abinshi. Ya dai buɗa baki ya ce Inna, ko sau guda, in ji.”

Da bedi ya yi 'ya'ya, na zube tarin da na kakkaɓo a zaure ina zaɓe, don ba kowane ke cika bakin bututu daidai ba. Sai na ga hannu ya shigo cikin tarin. Auta ne, yana ware masu kyau gefe guda, kuma ya fi ni ido. Washegari ya bi ni fili riƙe da gwangwanin shuni, karo na farko da ya wuce ƙofar gida ba a ja shi ba.

Ni a harbi ba ni da abin kirki. Da za a kafa mini rumbu a gaba in harba, sai in sami na maƙwabta. Amma a mutuwa babu na biyuna daga nan har Sabuwa. In galura ta taɓa ni sai na dafe wurin, na yi tangaɗi, na zagaya tsamiya, na yi wasiyya. Ranar nan wani ɗan tsallaken rafi ya same ni a mazaunai, na ce a gaya wa Inna na yafe mata dukan shekaranjiya, yagaggen wandona kuma a ba ɗan liman ya yi Sallah da shi. Na faɗi, na miƙe ƙafa, na tuna ban yi sallama da jakinmu ba na sake tashi. Sai na ji wata 'yar ƙara a bayana kamar an taka ɗan tsako. Auta ne. A shaƙe ta fito, amma dariya ce.

Ba a daɗe ba, wata rana ina kwance matacce ya ɗauki bindigata, ya rarrafa ta bayan suri, ya sami ɗan liman, wanda ranar aka ara wa 'yan galura don su cika, a tsakiyar goshi. Ɗan liman ya fara halinsa na musu, shuni na gangaro masa a hanci yana cewa ai gefe ta bi.

Auta ya ce, “Ka mutu. Kwanta.”

Ɗan liman ya kwanta ba gardama, yana kwance yana washe baki. Ni kuwa na manta ni gawa ne, na zura gida a guje na iske Inna tana tuƙa tuwo. Ta bar muciya a tsaye cikin tukunya ta ce, “Mi ya ce? Hwaɗa mani yadda ya hwaɗa.” Na kwaikwayi muryarsa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin shuninta gaba ɗaya ta danƙa mini. Daga ranar na daina satar shuni, Inna ce ke sayo mana. Tuwon ya yi gudaji kamar tsakuwa, ba wanda ya yi ƙorafi.

Maganar Auta a fili ta tsiro, kuma a fili take kwana. “Bayanka, Yaya.” “Duƙa.” “Shuni ya ƙare.” Da mun doshi gida sai ta ɗauke. Amma na lura tana matsowa, kamar kazar da ake jawowa da tsaba. Da farko iyakarta tsamiya. Can sai ta biyo mu rafi wurin wanka. Kullum na shiga gida Inna za ta tare ni da ido, ni kuma in ba ta rahoto: yau ta kai injin niƙa, yau ta kai ƙofar masallaci. Inna ta ce in Allah Ya so kafin a ci sabuwar masara za ta shigo zaure.

A nan ne shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuwa ban taɓa ƙin shawarar babba ba. Na ga tunda ba na iya harbi, bari in fi kowa kyan bindiga. Na sami bututu mai tsawo, na ɗaura masa guntun katako a gindi, na cire igiyar tsohuwar jakar makarantata na yi maratayi. Na roƙi baƙin mai wurin mai injin niƙa na shafe ta tas, sannan na ɗaure ƙahon nan da danƙon tayar keke. Da na nuna wa Auta, ya ja da baya, ya daɗe yana kallon ƙahon, gefen bakinsa ya motsa. Na ɗauka burge shi na yi.

Dama saboda galura na shiga ido da zafi, kowannenmu kan naɗe kai da fuska da tsohon ɗankwali. Ba mu taɓa tunanin yadda muke a idon wani ba.

Wata la'asar na ce zan zagaya ta cikin masarar mai gari in ɓullo wa 'yan galura ta baya. Ina sanɗa, fuska a naɗe, baƙar aba a rataye, na ɓullo ta ƙarshen kunya sai ga ni gaba da gaba da Iya mai daddawa tana tsinkar tafasa. Iya tsohuwa ce da yanar ido ta fara ci, ka gaishe ta ta amsa wa kututture. Amma ranar ta gan ni sarai. Ta saki ƙwarya ta kwarma ihu, “Sun taho! Jama'a, sun taho!”

Ban taɓa sanin garinmu na da gudu haka ba. Wanzaminmu mai ɗingishi ya wuce mai babur a hanya, har ya waiwayo ya ce masa ya ƙara wuta. Wanda yake wa aski ya kwana da rabin kai. Ni ma da na ji an ce sun taho, na bi bayan Iya a guje ina cewa ta jira ni, ita kuwa tana waiwayowa tana ganin ɓarawo na bin ta yana kiranta Iya.

Wannan ɓangaren nakan ba da shi a yi dariya, ni ma in yi. Wanda ba na cika bayarwa shi ne na matar da ta faɗi da tsohon ciki a bakin kwalbati, da yaran da aka yi ta nema cikin dawa har magariba, da 'yan sa-kai da suka tare ni a bakin gari, bindigar toka na kallon ƙirjina, ta gaske, mai warin albarushi. Babbansu ya fizge ɗankwalin fuskata. Ya ce, “Ja'irin yaro! Wallahi kunnuwan nan naka masu kama da faifai su suka cece ka, su na hango ta gefen tsumma. Da yanzu ana haƙa kabarinka.” Ya kwaɗa mini mari, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa.

Auta kuwa a ƙarƙashin gadon Inna aka same shi. Maganar da ta kai ƙofar masallaci ta koma inda ta fito.

Washegari mai shela ya zagaya gari: mai gari na gaishe ku, ya ce duk abin da ya yi kama da bindiga, na roba ne, na kara ne, na katako ne, a kawo shi ƙofar gidansa. Wanda aka gani da shi, shi da ubansa za su amsa.

Malaminmu na firamare, wanda ya san zancen Auta, shi ya kai mu gaban mai gari. Ya ce, “Ranka shi daɗe, bindigar wannan shaƙiyyin dai ta yi kama, a ƙone ta, in an so a haɗa da mai ita. Amma sauran guntun bututu ne. In an ce abin da ya yi kama, a idon wa?” Mai gari ya shafa gemu ya ce tambaya ta yi. Ya ce idon mai jin tsoro za a bi, don shi ke tada gari. Ranar Juma'a bayan la'asar za a zaunar da Iya a gindin tsamiya, a tsayar da yaro a bakin masara ya riƙa ɗaga abubuwanmu. Wanda ta ce wasa ne an bar mana, wanda ta ce bindiga ce sai wuta.

Muka shiga aiki. Aka rage tsawon bututan, aka shafe su da farar ƙasa, aka ɗaura musu zaren leda ruwan ɗorawa yana lilo. Ta ɗan mai shayi har da ƙararrawar keke. Auta na zaune a zaure yana kallo, bai taɓa ko ɗaya ba. Na ce masa, “Kwantar da hankalinka. In aka gane wasa ne, ranar Asabar muna fili.” Ya dube ni kawai.

Na kuma ga ba a zuwa wurin alƙali hannu sake. Na cika wa Iya randunanta, na share mata tsakar gida har inda babu datti. Ta ce, “Ɗan nan, toshiya ce wannan ko neman gahwara?” Na ce duka biyun, Iya. Ta yi dariya, babu haƙori ko na rantsuwa. Na fara ba ta labarin Auta, ta ce ta sani, ai Innarmu ta riga ni zuwa. Sannan ta ce, “Na so in yi maku ƙarya. Amma ɗana a gona suka ishe shi. Wanda ya hango su daga nesa cewa ya yi sanduna ne a kahwaɗarsu, bai yi ihu ba. Tun ranar ba da ido nike gani ba, da ciki nike gani. In cikina ya ce bindiga, bakina ba ya iya cewa wasa.”

Ranar Juma'a duk gari ya fito, har 'yan tsallaken rafi da iyayensu. Auta ya biyo ni riƙe da gefen rigata. Ɗan liman aka tura bakin masara. Malam ya roƙi a fara da wasu abubuwa don a gwada ma'aunin, mai gari ya yarda. Ɗan liman ya ɗaga ƙotar fartanya.

“Bindiga,” in ji Iya.

Ya ɗaga karan rake, irin mai kaurin nan na Sabuwa.

“Bindiga ce, babba ma.”

Wuri ya ɗauki dariya, wani ya ce a kamo mai rake. Da aka zo kan namu masu zaren leda, ta ƙanƙance ido ta daɗe. Wallahi ta yi ƙoƙari. Ta ce, “Bindiga ce, an yi mata kwalliya.”

Malam ya miƙe ya ce, “To ranka shi daɗe, ka gani. In wannan za a bi, sai a ƙone fartanya da rake, mu zauna da yunwa cikin aminci.” Mai gari ma sai da ya rufe baki da hannun riga. Ya fara cewa wataƙila a bar mu mu riƙa yi a filin makaranta, fuska a buɗe. Sai babban 'yan sa-kai ya ce a dakata. Ya zaro tawa daga buhu, baƙa ƙirin, da ƙaho da maratayi, ya ɗaga ta sama. Dariyar ta ɗauke.

“Wannan ma daga bututu ta fara,” in ji shi. “Ku dube ta da kyau. Ni da na sha artabu da su, na rantse ba ta da maraba da ta gaske. Wa zai ce mani da maraba?”

“Da maraba.”

Daga gefena muryar ta fito. Auta ya saki rigata ya taka zuwa tsakiyar fili.

“Yaya a baibai ya sa,” ya ce, yana nuna ƙahon. “Gaba yake kallo, ba baya ba. Kuma ta gaske nauyi gare ta. In ka rataya ta, nan take ci.” Ya ja wuyan rigarsa ya nuna wani tabo a kafaɗa, wanda mu a gida muka ɗauka na ƙaya ne.

Ni kuwa, jakin gida, sai na hau tafi. Na waiga ina neman Inna cikin mata in ga ko ta ji.

Mai gari ya ce a hankali, “Yaro, ina ka san wannan?”

“Ni ke ɗaukar ma wani in ya gaji. Ni ke goge ta da safe.” Ya miƙa hannu, babban 'yan sa-kai ya sakar masa kamar bai san ya saki ba. Auta ya riƙe ta, ba irin riƙon da muke yi ba, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. “Nan ake dannawa ya fita. Nan ake ja. In ta yi zafi ba a taɓa nan. Wannan ba ta da ko ɗaya.” Ya juya wajen tsamiya. “Iya, wasa ce. Wallahi wasa ce.”

Ya yi ta zuba kamar Autan da. Shi a ransa shari'a yake ci mana. Na daina tafi da na ga ni kaɗai ke yi. Wata mata ta jawo ɗanta ta mayar bayanta. 'Yan sa-kai suka dubi juna. Baba ya taso daga cikin dattawa, ya zare abar daga hannunsa ya ajiye a ƙasa, ya kama shi suka bi hanyar gida. Suna wuce ni Auta ya ce, “Yaya, na faɗi daidai ko? An bar mana?”

Na ce, “Ka faɗi daidai.”

Ba a bar mana ba. Kafin magariba aka tara su duka aka cinna musu wuta. Ƙahon ya fi komai daɗewa yana ci, gari duk ya ɗauki ƙauri.

Da a nan abin ya tsaya da ban yi ƙorafi ba, don ni na ga babban 'yan sa-kai zaune a ƙasa riƙe da kansa ranar da ya tare ni. Amma a garin da kowa ke tambayar wa ke gaya wa ɓarayi wanda ya sayar da sa, kalmar infoma ba ta da wuyar fita. Ba wanda ya faɗa a gaban Baba. A bakin rijiya ake cewa yaron da ya goge musu bindiga ai ya ci tuwonsu, wa ya san da me suka sako shi. Masu cewa Allah sarki ba ya magana, su ne suka koma cewa ashe yana iyawa. Ɗan liman ya daina biyowa ta ƙofarmu, da na tare shi ya ce hana shi aka yi, yana faɗa yana kallon ƙafarsa. Auta ya fita sau ɗaya da gwangwanin shuninsa, yara suka gan shi suka watse. Ya dawo ya ajiye gwangwanin a bayan randa.

Da aka kore shanun wani a gefen gari, babban 'yan sa-kai ya zo zaurenmu da safe. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce wa Baba, “Malam, ni na san yaron nan ba ruwanshi. Amma ba ni kaɗai ke riƙe da bindiga a garin nan ba, kuma ba kowa ke tsayawa duba kunne ba. Wasu na cewa a kawo shi a tambaye shi. Ka san irin tambayarmu. Ka ɗauke shi tun ina iya cewa a'a.”

Ranar kasuwa aka sa shi a motar hatsi zuwa Funtuwa, wurin gwaggonmu da ke auren wani tela. Inna ta ƙulle masa kayansa a ɗankwali, ta raka shi zaure. Ta durƙusa ta gyara masa wuyan riga, ta rufe tabon. Ta ce, “Auta, ba ka ce mani komi?” Ya dube ta, bakinsa ya motsa. Muka jira, ni da Baba, direba na ta danna oda a waje. Sai ya ɗora goshinsa a kafaɗarta, ya ɗago, ya bi Baba.

Ni na ɗauki ƙullin har bakin mota. Na gwada duk abin da na iya. Na dafe ƙirji, na yi tangaɗi, na bar wa direba kunnuwana ya riƙa fifita da su, na faɗi a gefen taya mutane na zagina. Da na buɗe ido ɗaya, yana zaune kan buhu yana kallona. Bai yi dariya ba, bai kuma kawar da kai ba har motar ta sha kwana.

Bana bedi ya yi 'ya'ya har rassa na lanƙwasa, suka nuna suka zube, ba wanda ya kakkaɓa. Dokar na nan. Auta na Funtuwa yana koyon sa maɓalli. Gwaggo ta ce yana cin abinci, yana sallah, in an tambaye shi yakan ɗaga kai ko ya girgiza. In Baba ya kira waya, Inna kan karɓa ta yi ta magana tana jin numfashinsa. Har yau bai ce Inna ba.